Ina Manhaja Take Zuwa Idan Ka Bar Ta Ka Shiga Wata?

Idan na fita daga manhaja, ta mutu ke nan?

A'a. Galibi wayar kan daskarar da ita ne. Tana nan zaune a cikin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi, da shafin da ka tsaya a kai da rubutun da ka fara, sai dai an hana ta motsi. Shi ya sa da ka dawo take buɗewa nan take.

To me ya sa wani lokaci take farawa daga farko?

Wuri ne ya ƙare. Da ka buɗe kyamara ko wani wasa mai nauyi, sai wayar ta nemi manhajar da ka daɗe ba ka taɓa ba, ta kore ta babu sallama. Waya mai RAM gigabait 3 ta fi yawan yin haka a kan mai 8.

Amma ba duka laifin wayar ba ne. Kafin a ajiye manhaja gefe, ana sanar da ita domin ta adana inda ka tsaya. Kana cike fom, ka fita ka kwafo lambar da aka turo maka ta saƙon tes, ka dawo ka tarar komai ya goge? Wannan sakacin maginan manhajar ne, kuma ai bai kamata a saba da shi ba.

Yaya sauti ke ci gaba, saƙo kuma yana shigowa?

Akwai ayyukan da aka ba izini na musamman: sauti, kira, nuna hanya a taswira. Apple ya buɗe wa manhajoji wannan ƙofa a iOS 4, wato tsarin da ke tafiyar da iPhone, shekarar 2010. A Android, irin wannan manhajar dole ta bar sanarwa a saman allo muddin tana aiki. Saƙonni kuwa yawanci ta hannun Google ko Apple suke biyowa, su ne ke taso manhajar.

Share manhajoji daga jerin na baya yana adana caji?

Da wuya. Daskararriyar manhaja kusan ba ta shan batir, tayar da ita daga tushe ne ke cin caji. A 2016 Craig Federighi, shugaban sashen manhaja na Apple, ya ce shi kansa ba ya rufe su. Android ma tun 2015 yake da tsarin Doze, mai taƙaita ayyukan bayan fage idan an ajiye waya. Ka share manhaja daga jerin idan ta maƙale ko tana zafafa wayar, sauran ka bar su.