Me Ake Nufi Da "Fitila Otomatik"?

Kalmar otomatik ta cika bakin mutane a 'yan shekarun nan. Da zaɓe ya matso za ka ji a rediyo ana cewa an ba wane "tikitin otomatik", wato zai tsaya takara ba tare da an kara da shi a zaɓen fid da gwani ba. Dillalin mota kuma idan ya ce otomatik, giya yake nufi. Yanzu ga ta ta iso garejin masu wayarin mota na garuruwanmu, daga Wudil har Gumel da Haɗeja. Ka kai tsohuwar Golf ɗinka a canza maka ƙwan fitila, sai yaron gareji ya ce, "Alhaji, a mayar maka da ita otomatik mana, yanzu ita ake yi." Ka tambayi mutum uku abin da za a yi wa motar, kowa da amsarsa, kuma duk da sunan otomatik.

Asalin kalmar daga harshen Girka ne, ta biyo ta Turanci ta iso mana, ma'anarta abin da ke yin aiki da kansa. A kan fitilar mota kuwa abu ɗaya take nufi: fitilar da ke kunna kanta idan duhu ya yi, ta kashe kanta idan gari ya yi haske. Abin da ke sa ta yin haka wani ɗan ido ne da masu gyara ke kira sensa, bai fi girman maɓallin riga ba, ana liƙa shi a kan dashbod kusa da gilashin gaba. Aikinsa auna ƙarfin hasken da ke sauka a kansa. Idan hasken ya ragu ya kai wani mizani, sai ya sanar da wani ɗan akwati, akwatin ya ja rile, wato wani ɗan makunni da wuta ke ja, rile ya buɗe wa wutar batir hanya zuwa fitila. Duk wanda ya ga fitilun sola na bakin titi suna kamawa da kansu da magariba ya riga ya ga irin wannan aikin. A cikin akwatin akwai jinkiri na 'yan daƙiƙoƙi da aka saka da gangan, don kada fitila ta riƙa ƙyaftawa duk lokacin da mota ta ratsa inuwar darbejiya ko ta shiga ƙarƙashin gada.

Abin da mafi yawan masu wayarinmu ke yi kuwa daban ne. Sukan jawo waya daga makullin mota su haɗa da fitila, ta yadda da ka murɗa makulli za ta kama, da ka kashe mota ta mutu. Babu sensa, babu abin da ke auna haske. Rana tsaka ko tsakar dare, duk ɗaya ne. Ba na cewa aikin banza ne, domin motar da fitilarta ke kunne kullum ta fi saurin ganuwa a hanya. Amma kada a karɓi kuɗin mutum da sunan otomatik. Kuma idan an yi haɗin ba tare da rile ba, nauyin wutar duka ta cikin makulli zai bi. Ƙwan H4 da yawancin tsofaffin motocinmu ke amfani da shi yana cin wat 55 a dim, 60 a ful. Biyu sun kama wat 110, wato kusan amfiya 9 a batir mai bolt 12, kafin a lissafa fitilun baya. Makullin motar da ta shekara talatin tana aiki ba zai daɗe yana ɗaukar wannan ba.

Akwai kuma fitilar rana, waɗannan fararen layukan LED da ake mannawa a ƙasan bamba. Su ma otomatik ake ce musu, tunda da kansu suke kamawa. Asalinsu ƙasashen arewacin duniya ne masu ƙarancin hasken rana a lokacin sanyi: Suwidin ta wajabta tafiya da fitila da rana a 1977, Kanada ta wajabta wa sababbin motoci daga ƙarshen 1989, Tarayyar Turai kuma daga 2011 ga sababbin samfura. An yi su ne don a hango mota daga gaba. Ba sa haska wa direba hanya, kuma a motoci da yawa ba sa kunna jar fitilar baya. Sai na ƙarshe, na'urar da ke sauke ful zuwa dim da kanta idan wata mota ta tunkaro. Wannan tsohuwar dabara ce, kamfanin General Motors na Amurka ya fito da ita tun 1952 a motocin Cadillac da Oldsmobile da sunan Autronic Eye, kuma ta riga mai kunna fitila da kanta zuwa kasuwa. Motocin zamani da kyamara suke yin wannan aikin. Ɗan akwatin da ake sayarwa a kasuwar kayan gyara ba ya yi, don haka wanda aka saka wa sensa ya ci gaba da dim da hannunsa, kada ya kashe wa na gaba ido yana cewa ai motar ce ke yi.

Duk wannan ruɗanin suna ne, da sauƙi. Wanda ya fi ci mini rai shi ne wanda ke faruwa bayan an saka ta gaskiyar, an saka ta daidai. Mutane sun ɗauka cewa motar ta fara gani. Sensa ba ta san ana gani ko ba a gani ba, yawan haske kawai ta sani, kuma a ƙasarmu waɗannan abubuwa biyu sukan rabu na tsawon watanni.

A ɗauki ranar Alhamis cikin watan Janairu, ranar kasuwar Maigatari, buji ya sauko. Ƙarfe huɗu na yamma sama fari fat, hasken ya bazu ko'ina har mutum yana runtse ido, amma ba ka iya hango abin da ke gabanka da nisan filin ƙwallo. Hanyar Gumel ta cika: tireloli ɗauke da shanu, J5 da aka yi wa lodi har sama, babura masu goyon mutum uku da akuya, amalanken shanu da ba ta da ko ƙyallen ja a baya. Ƙurar da manyan motoci ke tayarwa daga gefen kwalta ta haɗu da ta sama. A wannan lokacin ne aka fi buƙatar kowace mota ta kunna fitilar gaba da ta baya, don na gaba ya hango ta kafin ya fito wuce wata, na baya kuma ya san akwai abu a gabansa. To me sensa ke gani? Haske take gani, mai yawa ma, domin ƙura tana watsa hasken rana ta kowace fuska. A wurinta rana ce tsaka, sai ta bar fitila a kashe. Direban da a da yakan miƙa hannu ya kunna da ya ga hazo, yanzu ya saba da cewa motar na yi da kanta, hannun ya daina zuwa wurin. Idan kuma an manna masa fitilar rana a gaba, yana ganin ɗan haskenta a jikin motar da ke gabansa, sai ya ƙara sakankancewa, alhali bayansa babu ko ɗigon ja. Haka abin yake a ruwan Agusta mai sauka da rana, da hayaƙin ƙonar daji bayan kaka, da hazon asuba a fadamun Haɗeja bayan gari ya fara wayewa. Wannan ne ya sa ba na son yadda masu talla ke cewa "ka saka ka manta da fitila". Maganar tana iya jawo asarar rai.

Amfanin na'urar na gaskiya yana wurin magariba, kuma ba ƙarami ba ne. Direbobinmu na haya suna da ɗabi'ar jan ƙafa wajen kunna fitila. Wani ya ce yana tattalin batir, alhali muddin inji na aiki kuma caja lafiya take, caja ce ke ɗaukar nauyin. Wani kuma idonsa ne ke sabawa da duhun a hankali, bai ankara ba har an idar da salla yana tafe a duhu, daidai lokacin da yara ke koro dabbobi gida suna tsallaka titi. Sensa ba ta da wannan lalacin. Sannan da an kashe mota za ta kashe fitila, an huta da turin safe saboda an kwana da fitila a kunne. Don waɗannan biyun kaɗai ina ganin ta cancanci kuɗinta.

Saka ta a tsohuwar mota ba wahala, amma yana son mai wayarin da ya san hannunsa. Akwatin daga wayar da ke samun wuta bayan an murɗa makulli zai ci, in ba haka ba motar da aka ajiye a zaure za ta kunna fitila da daddare ta shanye batir. Wutar fitilar kuma ta bi ta rile da fis nata na kanta. Yawancin motocin Jamus irin su Golf ta wayar wuta makunninsu ke yankewa, yayin da tsofaffin Toyota da yawa ta wayar at, wato wadda ke haɗe da ƙarfen jikin mota, suke yankewa, kuma wanda ya haɗa akwatin ba tare da ya gwada ya san wacce ce ba zai ƙona shi ko ya bar fitila ta ƙi mutuwa. Dole haɗin ya ɗauki fitilun baya tare da na gaba. Sai wurin zaman idon. Mu mutane ne masu shimfiɗa kafet mai gashi a kan dashbod saboda zafin rana, a ɗora hula da carbi da kwalin tishu. Duk abin da ya rufe sensa dare ne a wurinta, fitila za ta wuni a kunne. A yanke mata ƙofa a jikin kafet ɗin, a riƙa share ƙurar da ke taruwa a kanta.

Babban abin da zan roƙi mai mota shi ne kada ya yarda a cire ko a kashe makunnin asali. Akwatin kusa da shi ake haɗa shi, su yi aiki tare, ta yadda ko sensa ta ce rana ce, hannunka zai iya kunna fitila. Kafin ka biya, ka gwada a nan garejin da rana: tayar da mota, ka kifa hularka a kan idon, ka ɗan jira, ka zagaya ka tabbatar gaba da baya duk sun kama. Ka ɗauke hular ka ga sun mutu. Sannan ka murɗa makunnin da hannu idon yana buɗe, ka ga ko za su kama. Idan ɗaya daga cikin ukun bai yi ba, ka ce wa mai wayarin, "Malam, aikin bai ƙare ba," ya koma ya buɗe wayar.