Masunta, a cire dumbar nan daga gulbi

Sallama gare ku iyayena sarakunan ruwa, da 'yan'uwana masunta na Haɗejiya, Kirikasamma, Guri, Nguru har zuwa Gashuwa. Ni malamin gona ne a ɓangaren kifi, kuma duk bakin ruwan da na sauka kuka ɗaya nake ji: kifi ya ƙare, an kwana ana jefa birgi an tashi da ƙananan karfasa da ba su cika kwano ba, giwan ruwa ya zama labari, yaran yanzu ba su san kamannin yauni ba. In na tambayi dalili sai a nuna mini yamma, a ce Tiga ce ta cinye mana ruwa.

Ba ku yi ƙarya ba. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shimfiɗuwa a fadamunmu duk damina ta ragu ƙwarai, ruwa kuma ya koma yana zuwa kaɗan-kaɗan rani da damina. Wannan ruwan da ba ya tafiya ba ya ƙafewa shi ya raini kachalla har ta toshe tsohon kogin Haɗejiya da Burum Gana, ruwa ya karkata ta Marma yana cin gonakin mutane wajen Nguru, wasu garuruwan kuma suna kallon busasshen rafi. Duk na sani, kuma ina faɗa a duk taron da aka ba ni dama.

Amma ku gaya mini, Tiga ce ke kafa dumba, shingen nan da ake datse rafi da shi don kama kifi? Tiga ce ke jera gura, tarkon nan na kifi, daga wannan gaɓa zuwa waccan, ba a bar ko taki ɗaya da kifi zai ratsa ba? Da idona nake ganin rafi guda an datse shi nan, an yi gaba kaɗan an sake datsewa, wani da turaku da zana, wani da buhunan ƙasa, wani ma har da gidan sauron da aka raba don matarsa da jaririnta. Haba jama'a! Muna zagin babbar madatsa, alhali mun cika gulbi da ƙananan madatsai da hannunmu.

Kun fi ni sanin halin kifi. Da sabon ruwa ya sauko, tarwaɗa da kawara da bargi sai su tashi su bi shi su fantsama cikin fadama su zuba ƙwai. In ruwa ya fara janyewa, su da 'ya'yansu su nemi hanyar komawa gurbi mai zurfi. Dumba tana tare su a tafiya, tana tare su a dawowa. Uwar da cikinta ke cike da ƙwai ta shiga kwando, ɗan da bai kai ɗan yatsa ba shi ma ya shiga. Ba wanda zai yanka akuyarsa da tsohon ciki sannan ya tashi yana cigiyar 'ya'ya a turke, amma a ruwa abin da muke yi ke nan kowace shekara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne datsin da aka gama amfani da shi aka watsar. Mai noman rani ya tare ruwa da buhuna don injinsa ya samu abin ja, ya girbe tattasai da albasarsa, ya naɗe tiyo ya tafi gida, buhunan suna nan. Mai dumba ya kwashe gurarsa ya bar turaku da ruɓaɓɓiyar zana. Laka ta taru a gindinsu, kachalla ta samu wurin zama, jan baki ya samu maɓoya ya riƙa sauka a kan shinkafarku da dawarku. Ruwan da ya kwanta a bayan datsin nan kuma nan yara ke wanka, nan sauro ke haihuwa, nan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya ke yaɗuwa. Sai a kawo yaro asibiti yana fitsarin jini ana mamaki. Ruwa ba ya tsami banza.

Bari in ba ku labarin wata ƙasa, don ku ga yadda wasu suka ɗauki hanyar kifi da muhimmanci. A Amurka akwai kogin Klamath da ya taso daga jihar Oregon ya ratsa Kalifoniya ya faɗa teku. An yi masa madatsan lantarki, mafi tsufa a cikinsu ta haura shekara 100, suka tare wa wani kifi da ake kira salmon hanyar da yake bi daga teku zuwa inda yake zuba ƙwai. Ƙabilun asali na wurin, irin su Yurok da Karuk, masunta ne kamar ku, suka yi shekara da shekaru suna fafutuka. Daga ƙarshe kamfanin da ke da madatsan ya ga gina wa kifi matakalar tsallakewa ya fi rushewar tsada. Tsakanin 2023 da 2024 aka rushe guda 4. Cikin makonni da gama aikin aka ga kifin ya haura har cikin Oregon, inda rabon da a gan shi an fi shekara 100. Abin bai zo da daɗi kawai ba: lakar da ta taru a bayan madatsan ta sauko ta dagula ruwa, kifi ya mutu a farko, masu gidaje a bakin tafkin da masu hayar jirgi ga 'yan yawon buɗe ido suka wayi gari babu tafkin. Duk da haka aka yi, kamar yadda aka yi wa madatsar Edwards a kogin Kennebec a 1999, da na kogin Elwha daga 2011 zuwa 2014.

Kada wani ya je ya ce malam ya ce a fasa Tiga. Ban ce ba. Shinkafar Kura da Kadawa da ruwan shan Kano suna rataye da ita. Abin da muke nema a wajen hukuma shi ne a kula da tsofaffin madatsan nan kafin su fashe da kansu, don mun ga fashewar madatsar Bagauda a 1988, mun ga abin da ta Alau ta yi wa Maiduguri a watan Satumba na 2024, sannan a riƙa sako ruwa a lokacin da kifi da fadama ke bukatarsa. Wannan maganar manya ce kuma ana yin ta. Wadda ke hannunku fa? Mutanen Amurka sun kashe dukiya mai yawa sun kawo motocin rusau. Ku fartanya da kwale-kwale da yini guda na gayya sun ishe ku.

Akwai kuma baƙi. Tafkin Nguru da Marma sun shiga jerin dausayin duniya na Ramsar tun 2000, Baturiya da Dagona suka biyo baya a 2008. Tsuntsayen da ke tsallako hamada daga Turai lokacin hunturu ruwa da kifi da ƙwari suke bi, masu zuwa kallonsu kuma su ke hayar jirginku, su sayi banda, su kwana a garuruwanku. Bikin su na Bade a Gogaram da wane kifi za a yi shi in an tare komai tun daga sama? Ku dubi Argungu. Bikinsu ya samo asali tun 1934, UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, kuma sirrinsa ba ɓoyayye ba ne: Matan Fada, gulbin da ake bikin a cikinsa, a hane take ga masu su sai ranar biki, ranar ma da homa da gora ake shiga. Haƙurin da Kabawa suka yi shi ke fito da giwan ruwan da sai an taru ake ɗaga shi a gaban jama'a.

Na san amsar da za ku ba ni, don na sha jin ta: in ban tare ba na gabana zai tare, kuma yara na jiran abinci. Wallahi ina ji a jikina, ba na raina talaucin kowa. Shi ya sa maganar ba ta mutum ɗaya ba ce. Sarkin ruwa, ranka ya daɗe, kakanninka sun san lokacin rufe gulbi da lokacin buɗe shi tun kafin a san wani malamin gona. In ka hana, kowa zai hanu. In kuwa kana karɓar kuɗin wurin dumba, to da kai ake cinye rabon jikokinka, ka gafarce ni.

Ga abin da nake roƙo, a gurguje:

Kafin saukar sabon ruwa, a yi gayya a tumɓuke duk tsohon datsi, turaku, zana da buhuna, a fitar da su tudu, kada a tura su cikin ruwa.

Kafin a fasa datsin da ya tara ruwa da yawa, a aika wa garin da ke ƙasa, a janye yara da dabbobi, a buɗe shi kaɗan-kaɗan.

Wanda ya dage sai ya kafa gura, ya tsaya gefe guda ya bar tsakiyar rafi a buɗe.

Gidan sauro ya koma ɗaki. Raga mai ƙananan ido a ajiye ta. Gamalin kuwa, maganin ƙwarin nan da ake zubawa don kashe kifi, dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta zuba guba a ruwa, kuma abin da kuka kama da shi cikin mutane yake shiga.

Ƙofofin ruwa da ginin gwamnati kada kowa ya taɓa. In kun ga tsagewa ko yoyo a jikin madatsa, ku sanar da hakimi a ranar.

Garin da ya sa ranar gayyarsa ya aiko ofishin gona na ƙaramar hukumarsa, za mu zo mu shiga ruwan tare, mu kuma kai wa garuruwan sama da ƙasa saƙo don su sa tasu ranar a mako ɗaya.