Tattalin gida a Abuja

Tattalin gida, ko tsimi da tanadi, shi ne dabarun da magidanta da matan gida ke bi don ɗan abin da ke shigowa ya kai su ƙarshen wata, har in da hali a rage wani abu saboda ɓacin rana. Tsimi shi ne rage kashewa, tanadi kuma ajiyewa don gaba, mutane dai kan haɗa su a baki ɗaya. Bahaushe ya bambanta shi da rowa: marowaci yana da shi ya hana iyalinsa, mai tattali kuwa lissafi yake yi don kar tukunya ta kwana ba a ɗora ba.

A Abuja maganar ta ƙara zafi ne daga ranar 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, a jawabinsa na rantsuwa a dandalin Eagle Square. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta wuce 1,000. A Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. An dai ɗaga mafi ƙarancin albashi daga 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, amma duk wanda ke cefane ya san ƙarin bai kamo tashin kaya ba.

Haya da kuɗin mota

Nan ne babban ramin yake, kuma abubuwan biyu a ɗaure suke da juna. Masu gidaje a Abuja haya ta shekara suke karɓa dunƙule, ga kuɗin ejan ga na yarjejeniya a kai, shi ya sa yawancin ma'aikata da 'yan kasuwa ba a cikin gari suke kwana ba, suna Kubwa, Dutse Alhaji, Gwagwa, Karmo, Lugbe, Nyanya, wasu ma sun tsallake iyaka zuwa Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa ko Suleja da Madalla a jihar Neja. To amma arhar haya tana da haƙori. Wanda ya koma Masaka don ya rage kuɗin gida, in zai shiga mota biyu ko uku kafin ya isa Sakatariyar gwamnatin tarayya a cikin gari, ga goslo ɗin Nyanya safe da yamma, sau tari abin da ya tsira da shi a haya direbobi ne ke cinye shi kaɗan-kaɗan bai ankara ba. Lissafin da ya kamata shi ne a haɗa hayar shekara da kuɗin motar shekara, na maigida da na yara 'yan makaranta, sannan a gwada unguwa da unguwa.

Masu motar kansu da yawa yanzu sun koma ɗaukar fasinja a hanyar ofis don a haɗa musu kuɗin mai, wasu maƙwabta kuma karɓa-karɓa suke yi, wannan sati motar wane, sati mai zuwa ta wane. Akwai masu mayar da mota ta koma shan iskar gas ta CNG, ta fi fetur sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai gidajen sayar da ita ba su da yawa, layi sai wanda ya gani. Ita kuwa hayar, masu dabara kan raba ta gida 12 su riƙa cire kason kowane wata tun ranar da albashi ya faɗo, don kar wa'adi ya zo a shiga neman rance.

Cefane

Mai sayen ƙulli-ƙulli a shagon unguwa shi ya fi kowa biyan tsada, kuma abin haushin shi ne wanda ba shi da hali shi ne dole ke saye haka. Shinkafa gwangwani biyu, manja na ɗari biyar, Maggi ƙwaya huɗu, omo na leda, in aka tara na wata sai a ga ya ɗara kuɗin mudu da galan sosai. Maganin da mata suka samo shi ne haɗaka: mutum huɗu ko biyar su haɗa kuɗi a sayo buhun shinkafa, jarkar mai, kwandon tumatur da buhun albasa a kan sari, a dawo gida a baje tabarma a raba da mudu, kowa ta kwashi nata, kuɗin mota ma a raba.

Inda ake saye shi ma magana ne. Kasuwar Wuse da ta Garki da Utako akwai komai amma kuɗin shago na cikin farashin. Kasuwannin da ke ci rana-rana sun fi sauƙi, kamar Karmo da ke ci Talata da Juma'a, da Gosa ta hanyar filin jirgi ranar Juma'a, sai Dei-Dei wajen kayan gwari da dabbobi, Zuba wajen kayan marmari, Orange Market a Mararaba inda motocin kayan miya ke sauke kaya. Wanda ya yi sammako ya samu zaɓi, wanda ya bari sai la'asar sakaliya kuma ya samu ragi, don mai tumatur ba ya son ya kwana da shi.

Nama kuma akwai watanda. A haɗa kuɗi a sayi sa ko saniya, mahauci ya yanka ya feɗe, a shimfiɗa buhuna a kasa shi kashi-kashi daidai yawan masu zubi, kowane kashi da tsokarsa da ƙashinsa da ɗan kayan ciki, wani lokaci har a sa yaro ya juya baya yana kiran suna don kar a ce an yi son kai. An fi yin ta gab da ƙaramar sallah, amma yanzu ma'aikatan ofis ma suna yi ƙarshen wata.

Lokacin kaka, wajen Nuwamba zuwa Janairu, hatsi ke faɗuwa, masu hali kan sayi masara da gero da wake na watanni. Wake ana zuba shi a jarka a toshe bakin kam, ko a buhun nan mai leda biyu a ciki, iska ba ta shiga ƙwari su mutu ba sai an zuba magani ba. Tumatur da tattasai in sun yi araha da rani a yanka a shanya, kauɗa kenan, ita ke ceton miya in damina ta kama tumatur ya zama gwal. Saye don ci dai ba asara, amma masu ɓoyewa don riba sun ji jiki a 2025 da farashin hatsi ya sauko.

Wuta da girki

A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A, wato masu samun aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, daga ƙasa da 70. Tun daga nan mutane suka fara kallon mita kamar agogo. Ƙwan fitila mai wat 60 in yana ci awa 5 kullum zai sha yunit 9 a wata, na LED mai wat 9 kuwa bai kai yunit ɗaya da rabi ba, a gida mai ƙwai goma bambancin ba wasa ba ne. Amma manyan ɓarayin su ne duk abin da ke yin zafi ko sanyi, hita, dutsen guga, hotfilet, esi. A tara guga a yi ta sau ɗaya a sati, a jiƙa wake tun dare, ganda da ƙafar sa a kai su kan gawayi, gas a bar shi wa shayi da ɗumame.

Adashi, asusu da banki

Adashi iri biyu ne. Akwai na zagaye, mutum 10 misali kowa ya zuba 20,000 a wata, mutum ɗaya ya kwashi 200,000, haka har a zagayo, kuma masu wayo kan roƙi uwar adashi ta sa kwasarsu ta faɗo watan biyan haya ko na kuɗin makaranta. Akwai kuma na kullum, mai adashi ya bi shago-shago da ɗan katinsa yana sa alama, ƙarshen wata ya cire zubin kwana ɗaya ladan wahalarsa, mai zuba 500 na kwana 30 sai ya karɓi 14,500. Wato kai ke biya don a riƙe maka kuɗinka, amma mutane sun yarda saboda in yana aljihu ba zai kwana ba. Haɗarinsa sananne ne, wani ya kwasa ya daina zubi, ko mai adashin ya yi layar zana.

Asusun ƙasa ko na katako har yanzu yana nan, sai dai canjin kuɗi na farkon 2023 ya koya wa masu ajiya a gida darasi. A banki kuma hukumar inshorar ajiya ta NDIC tun 2024 tana lamunce ajiyar mutum har naira miliyan 5 in bankin kasuwanci ya durƙushe, masu gudun kuɗin ruwa kuma suna da bankunan Musulunci irin su Jaiz da TAJBank. Sai dai a lura da 'yan cire-ciren nan, kuɗin alat, naira 50 kan tiransifa ta 10,000 zuwa sama, cajin mai POS duk fita.

Babbar matsalar ajiyar naira ita ce narkewa take yi. Da hauhawar kashi 34.8 irin ta 2024, dubu 100 da aka ajiye shekara guda abin da za ta saya bai wuce na dubu 74 na bara ba. Shi ya sa mata da yawa suka fi yarda da ɗan kunne ko sarƙar gwal, wasu su aika ƙauye a saya musu tunkiya ko ɗan rago a yi kiwo zuwa babbar sallah. Wannan neman abin da zai haihu ne kuma ke jefa mutane hannun 'yan damfara masu alƙawarin ninka kuɗi, MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025.

Sai biki. Wannan ba a cika son taɓa shi ba don zumunci ne, amma anko uku a wata ɗaya, kowanne da ɗinki da gudummawa da kuɗin motar zuwa Kano ko Zariya, yana iya cinye kwasar adashi guda. Wasu matan yanzu sukan ce wa uwar biki "Hajiya a yi min afuwa, ankon dai ba zan samu ba", su sa atamfar da ke cikin akwati mai kalar da ta yi kusa, su kai gudummawarsu a ambulan.