Muhammad Shahidullah

Dakta Muhammad Shahidullah (1885–1969) masanin harsuna ne ɗan yankin Bengal, kuma yana cikin malaman farko na Jami'ar Dhaka, birnin da yanzu shi ne babban birnin Bangladesh. An haife shi ranar 10 ga Yuli, 1885, a ƙauyen Peyara na gundumar 24 Parganas, wadda yanzu take cikin Indiya.

Duk da cewa Musulmi ne mai riƙo da addini, Sanskrit ya karanta, wato harshen littattafan addinin Hindu, ya sami digirin farko a 1910. Da ya nemi zurfafa wannan karatu a Jami'ar Kalkata, wani malami ya ƙi koya masa littattafan Veda, wato tsofaffin littattafai masu tsarki na Hindu, saboda addininsa, sai ya koma fannin kwatanta harsuna, ya kammala digiri na biyu a 1912. Ya fara koyarwa a Jami'ar Dhaka a 1921, shekarar da aka buɗe ta. A 1928 ya sami digirin dakta a Jami'ar Sorbonne ta Faransa da nazarin tsofaffin waƙoƙin mabiya addinin Buda, irin waɗanda ake ɗauka su ne tushen adabin Bengali. A ganinsa harshen Bengali ya samo asali tun ƙarni na 7, ba na 10 ba kamar yadda masanin harsuna Suniti Kumar Chatterji ya ce.

Wannan zurfin ilimi ne ya ba maganarsa nauyi a 1947, lokacin da ake shirin kafa Pakistan, wadda a lokacin ta haɗa da gabashin Bengal, aka kawo shawarar Urdu kaɗai ya zama harshen hukuma. Shahidullah ya yi raddi a jarida, yana cewa danne Bengali, harshen da mafi yawan 'yan ƙasar suke magana da shi, zalunci ne, daga baya kuma ya ƙi amincewa da yunƙurin mayar da rubutun Bengali zuwa haruffan Larabci. Da wuya a zarge shi da ƙin Musulunci, shi ya sa hujjarsa ta yi tasiri a gwagwarmayar kare harshen Bengali da ta kai ga harbin ɗalibai a Dhaka ranar 21 ga Fabrairu, 1952.

A ƙarshen rayuwarsa ya tace ƙamus na karin harsunan gabashin Bengal a Cibiyar Nazarin Bangla, ya kuma shugabanci kwamitin da ya gyara kalandar Bengali. Ya rasu a Dhaka ranar 13 ga Yuli, 1969, aka binne shi a harabar wani ɗakin kwanan ɗaliban jami'ar, wanda aka sauya wa suna zuwa Shahidullah Hall.