Waiwaye: Yadda ciwon ƙugu ya koma hannun ƙwaya

Tun da aka tsananta kamen tiramol, gardama ba ta lafa ba a majalisun ƙauyukanmu na gefen Ringim. Wasu na cewa an ceto matasa. Wasu kuma na tambaya: to dattijon da ƙugunsa ya riƙe shekara goma, me za a ba shi?

Abin da ya faru a bayyane kowa ya sani. A watan Mayun 2018 aka hana sarrafa maganin tari mai kodin a Najeriya, bayan rahoton BBC. A 2019 binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce mutum miliyan 4.6 a Najeriya na shan ƙwayoyin rage raɗaɗi irin su tiramol da kodin ba bisa ƙa'ida ba. Amurka ma ta ɗanɗana kuɗarta.

Ni dai inda nake tsayawa shi ne 1986. A shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin rage raɗaɗi mai hawa uku kamar tsani: a fara da farasitamol ko asfirin, in bai yi ba a hau kodin, in ya ƙi a kai ga mofin. Don masu ciwon daji aka yi shi, kuma ya yi musu rana, har gobe suna buƙatarsa, su da masu sikila idan ciwo ya taso. Sai dai a hankali aka ɗauke tsanin aka jingina shi a kan kowane ciwo: baya, gwiwa, sanyin ƙashi. Tsanin kuwa ba shi da matakin gashi, ba na tausa, ba na motsa gaɓa. Ƙwaya ce a ƙasa, ƙwaya a sama. Tiramol, wanda aka fara sayarwa a Jamus a 1977, ya samu wurin zama a hawa na biyu, ana kallonsa mai sauƙi, ba ya ma cikin jerin magungunan da dokar ƙasa da ƙasa ta killace.

Yaron kemis ɗin ƙauye bai taɓa jin labarin tsanin ba, amma kullum hawansa yake. Na raka kawuna bayan dashen shinkafa, yana tafe hannu a ƙugu. Ya ce, "Yaro, haɗin nan naka ya daina yi mini." Yaron ya ce, "Baba, bari in sa maka mai ƙarfi." Babu wanda ya duba bayan nan, babu wanda ya tambaye shi awa nawa yake yi a sunkuye cikin laka.

Likitoci sun fara dawowa daga rakiyar. Wani bincike a Amurka a 2018 ya bi marasa lafiya 240 masu ciwon baya, gwiwa ko ƙugu tsawon shekara, ya ga ƙwayoyi masu ƙarfi irin su mofin ba su fi na gama-gari amfani ba. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta ce kada a ba mai daɗaɗɗen ciwon baya su, a koya masa motsa jiki, a yi masa tausa, a fahimtar da shi ciwonsa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, da tiramol ya yi wuya sai kawu ya koma dikilofenak, yana kora shi da shayi tun bai karya ba, ga shi maganin yana cin ciki yana taɓa ƙoda idan aka daɗe a kai. An ce ya je a yi masa gashin ƙashi a asibitin ƙashi na Dala. Ya lissafa kuɗin motar Kano sau biyu a mako, ya yi shiru, ya ɗauki fartanyarsa.