Jeren haruffa a Python

Jeren haruffa, wanda masu rubuta manhaja suke ce wa sitirin, shi ne duk rubutun da kwamfuta ta riƙe harafi bayan harafi, ko suna ne ko adireshi ko saƙon tes. A Python, ɗaya daga cikin harsunan rubuta manhaja, ana saka shi tsakanin alamar zance, kamar "Kano". Ko lamba ce in ta shiga ciki ta zama rubutu, shi ya sa "2" + "3" zai ba ka "23" ba 5 ba, kuma shi ya sa ake ajiye lambar waya a matsayin sitirin don kar sifilin farko ya ɓace.

Ƙirga haruffa daga 0 ake farawa, wato "Kano"[0] shi ne K, len("Kano") kuma, wato yawan haruffansa, 4 ne. Abin da sabbin shiga suka fi tuntuɓe a kai shi ne sitirin ba ya canjawa. In ka ajiye rubutu a ma'ajiyar da ka kira suna, ka rubuta suna.upper() zai ba ka sabon rubutu da manyan baƙaƙe amma na asalin yana nan yadda yake, dole sai ka adana sakamakon da kanka in ba haka ba ya tafi a banza.

Sauran umarnin da ake amfani da su kullum ba su da wuya. strip() yana share sararin da mutum ya bari a farko ko ƙarshe wajen cike fom, split() yana yanka jimla kalma-kalma, join() ya sake haɗa su, replace() ya musanya wani yanki da wani, shi kuwa find() yana faɗa maka inda abu yake, in babu ya dawo da -1.

Inda lamarin ya fi shafar mai rubuta Hausa shi ne haruffa masu lanƙwasa. Kwamfuta tana ba kowane harafi lambarsa ne, kuma tsohon tsarin yin haka, ASCII, alamomi 128 kawai gare shi, babu ɓ babu ɗ babu ƙ a ciki. Unicode, tsarin da ya tattaro haruffan harsunan duniya, da ya fito a 1991 ne ya ba su gurbi, sannan Python 3 a 2008 ta mai da duk sitirin ya zama Unicode, don haka yanzu "ƙasa".upper() yana ba da "ƘASA" lafiya lau. Amma fa da saura, a UTF-8, wata hanyar adana Unicode a fayil, harafin ƙ bayit 2 yake ci (bayit ma'aunin girman bayanai ne a kwamfuta), wato kalmar haruffa 4 ce amma bayit 5 a fayil, kuma in aka buɗe fayil ɗin da tsarin da ba nasa ba sai ka ga wasu alamomi marasa kan gado a wurin harafin. Sannan in ka sa sorted() ya jera sunaye, ƙ can bayan z zai kai ta tunda lambarta yake bi, alhali a ƙamus ɗinmu bayan k take zuwa. Duk mai haɗa manhajar Hausa ya kamata ya rubuta nasa tsarin jerawa, ya kuma sa akwatin bincike ya gane kalma ko an buga ta da lanƙwasa ko babu, tunda yawancin mutane a waya ba sa sakawa.