"Sai kun kawo takardar 'yan sanda": abin da doka ta ce kan jinyar gaggawa a Najeriya

Duk wanda ya taɓa garzayawa asibiti da wanda ya yi hatsarin mota, ko wanda aka harba, ya san maganganun nan biyu: "sai kun ajiye kuɗi tukuna" da "sai kun kawo takardar 'yan sanda." Dukansu sun saɓa wa doka, kuma dokokin da suka hana su sun daɗe da zama a rubuce.

Ta farko ita ce Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014. Sashe na 20 bai yi wani kwana-kwana ba: babu asibiti ko ma'aikacin lafiya da ke da ikon hana mutum jinyar gaggawa bisa kowane irin dalili. Rashin kuɗi dalili ne, rashin buɗe kati dalili ne, rashin ɗan uwan da zai sa hannu ma dalili ne, duk dokar ta rufe musu ƙofa. Wanda ya karya ta zai biya tarar naira 100,000, ko ya sha ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko a haɗa masa duka biyu. Ba ta kuma ware asibitin gwamnati daga na kuɗi ba.

Sai dai a lura, dokar ba ta ce jinya kyauta ce ba. Abin da ta ce shi ne a tsayar da jini, a ceto numfashi, maganar kuɗi ta biyo baya.

Batun takardar 'yan sanda kuwa yana da tushe. A 1984 gwamnatin soja ta kafa dokar fashi da makami, wadda ta tilasta wa duk wanda ya yi jinyar mai raunin harsashi ya sanar da 'yan sanda, in ba haka ba a ɗaure shi, a kuma rufe asibitin. Ba ta ce kada a yi jinya ba, cewa ta yi a kai rahoto. Amma likitoci sun ga abokan aikinsu na kwana a ofishin 'yan sanda suna amsa tambayoyi, sai suka zaɓi abin da zai raba su da fitina: a kawo takarda kafin a taɓa mutum. Haka al'adar ta zauna, har mutane suka ɗauka ita ce doka.

Wannan ne aka yi nufin kashewa da dokar tilasta jinyar masu raunin harbin bindiga, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Disamban 2017. Ta wajabta wa kowane asibiti ya karɓi wanda aka harba ya soma yi masa magani nan take, da izinin 'yan sanda ko babu, ba tare da neman kuɗin kafin alƙalami ba. Kai rahoto aikin asibitin ne, ba na dangi ba, kuma an ba shi awa biyu daga lokacin da aka fara jinya. 'Yan sanda ba za su ɗauke majinyacin zuwa bincike ba sai shugaban asibitin ya tabbatar ya samu sauƙin da zai iya. Bawan Allah da ya tsinci mutum a bakin hanya ya kawo shi ma an kare shi daga tsangwama da tambayoyin da ba su da amfani, kuma a ganina nan ne dokar ta fi yin hikima, domin tsoron a maƙala wa mutum laifi ne ke sa jama'a su yi cirko-cirko suna kallo. Idan kuma wani, ko ɗan sanda ne ko asibiti, ya yi sakaci har mutumin ya rasu, hukuncin ya kai tarar naira 500,000 ko ɗaurin shekara biyar, ko duka.

To me ya sa har yau ake mayar da mutane daga bakin ƙofa? Saboda tambayar da mai asibiti ke yi ba a amsa ta yadda ya kamata ba: wa zai biya? Dokar 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun don jinyar gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Kashi biyar na kashi ɗaya, a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun majinyata yake fitowa, ba zai cika wa asibitin kuɗi gurbin jini da ruwa da zaren ɗinkin da ya kashe ba. Ita ma tarar naira 100,000 da aka yanka a 2014, yau ba ta da haƙoran da za su tsorata kowa.

Akwai kuma wanda dokar ba ta ma iso shi ba. Manomin da 'yan bindiga suka harba a wani ƙauyen Zamfara ko Katsina ba takarda ce matsalarsa ta farko ba. A kan babur za a ɗauko shi, a iso ƙaramin asibitin da ba likitan tiyata, ba ajiyar jini, a ce a wuce Gusau ko Funtuwa. Haƙƙin a karɓe ka yana aiki ne inda akwai wurin da zai iya karɓar ka.

Duk da haka, wanda aka tsayar a bakin sashen gaggawa yana da abin faɗa. Ya nemi ganin likitan da ke bakin aiki ko shugaban asibitin, ya ambaci sashe na 20 na dokar 2014, in harbi ne ya ƙara da dokar 2017. Ya rubuta lokacin da suka iso da sunan wanda ya hana, domin da su ne za a shigar da ƙorafi a majalisar da ke ladabtar da likitoci ta ƙasa, ko a Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam.